Saƙon Da Na Kai Wa Isufu Tela

Tun da na dawo daga ƙetare, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya tambaye ni yadda na baro Isufu Tela. Ya gane ka? Ya ji daɗin keken ɗinkin? Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in kawo zancen tsadar siminti. Shekaranjiya Malam Sule na Riko ya ce da ni, "Alhaji Lawal, kai da ko Katsina ka je sai mun gaji da labari, ka kwana biyu a tsallaken iyaka, ƙasar Faransi, ka ce mana lafiya lau kawai?" Ya yi gaskiya. Bakina ya gwada ya kasa, shi ya sa na rubuta. Wanda ya iya karatun boko a cikinku ya karanta wa saura.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Isufu mutumin Tudun Gawo ne, wani ƙauye arewa da Maraɗi. Shekara goma da 'yan kai ke nan, gwamnatin can ta shiga farautar 'yan wata jam'iyya da ta haramta, ana binsu gida gida. Isufu ya tsallako Jibiya da kan keken ɗinkinsa naɗe cikin bargo, ya sauka a zaurena. Wata bakwai muna cin tuwo a akushi ɗaya. Wata Lahadi, ranar kasuwa, ya nufi iyaka bai dawo ba. Abin da garin nan ya sani shi ne, ƙaninsa Sa'idu ya aiko cewa uwarsu na kwance rai a hannun Allah, ya tafi ganinta, aka kama shi. An tsine wa Sa'idu a gabana ba sau ɗaya ba.

Bara sojoji suka kifar da waccan gwamnati, suka buɗe gidajen kaso, wato kurkuku a bakinsu, aka saki 'yan siyasa. Fataken goro suka kawo labari cewa Isufu na cikin waɗanda suka fito da rai. Na yi wata da watanni ina cewa gobe zan je ganinsa. Da bazarar nan ta kama, na sayo sabon keken ɗinki a Kano, na haɗa da turmin shadda da buhun shinkafa, na loda a bayan a-kori-kurata.

A tashar Magama wata tsohuwa ta tare ni, Hajiya Tabawa, mai safarar kanwa da daddawa, ta ce ko zan rage mata hanya zuwa Maraɗi. Na ɗauke ta, kuma Allah ne ya taimake ni, don ba domin ita ba da na kwana a iyaka. Ɓangarenmu ba a tsayar da ni ba, an san ni, hannu kawai aka ɗaga. Manyan motoci kuwa jere, maƙare da man fetur da kwanonin tasa da atamfa, duk arzikin man nan da ya faɗo mana yana malala zuwa ƙetare.

Mun isa shingensu rana ta take tsaka. Na tarar da sanda a gicciye, ofis a rufe. Na danna ham sau uku. Hajiya ta dafe ƙirji.

"Kai ɗan nan, za ka ja mana! Nan ba a yi wa hukuma ham. Sun tashi hutun rana, sai kusan la'asar."

Ashe haka al'adarsu take, ofis da kanti duk a rufe da tsakar rana a je a kwanta. Wani jandarma, ɗan sandansu, ya leƙo ta taga da singileti, ya zazzaga mini Faransanci, ya mayar da taga ya rufe. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane. Muka koma gindin wata bedi muka zauna.

Daga inda nake zaune ina hangen wani ɗan ɗakin ƙasa a bayan ofis, mai ƙofar langa-langa. Yanzu awaki ake ɗaurewa a ciki. A ɗakin nan na kwana biyu shekara goma da suka wuce, kuma ba wanda ya sani a Jibiya, har matata. A lokacin fasa-ƙwaurin yadi nake yi a bayan keke, aka kama ni da duk abin da na mallaka. Kwana na biyu wani mutum ya shigo, ba kakin sarki a jikinsa, Hausarsa tsaf. Ya ce sun san wanda ke zaurena. Ya faɗi sunan uwar Isufu da na ƙaninsa. Ya ce in koma in gaya masa Sa'idu ya aiko, uwarsu ba lafiya, za a jira shi da doki a bakin wata rijiya da ke tsallaken iyaka ranar Lahadi. In na yi, kayana na nan. In ban yi ba, duk ranar da na sake taka ƙasarsu, arewa za a yi da ni inda ba a dawowa. Ko mari ba a yi mini ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na koma gida, na ce wa Isufu wani mai jaki ne ya kawo saƙon. Ni na ara masa takalmin da ya tafi da shi. Bayan mako ɗaya na karɓo yadina cif, kuma daga yadin nan shagon da kuke zama a ƙofarsa ya taso.

Da aka buɗe ofis, Hajiya ta shige gaba, tana gaisawa da kowa da sunansa. Aka duba takardun mota aka buga hatimi. Sai ɗan duwan, kwastan ɗinsu ke nan, wani dattijo mai furfura a gashin baki, ya ɗaga tamfol ya ga keken.

"Wanga na saidawa ne?"

Na ce kyauta ce. Ya ce wa za a kai wa. Na faɗa masa, na ce tela ne da ya fito daga kaso, ya taɓa zama a gidana. Dattijon ya sauke tamfol a hankali, ya gyara igiyar da hannunsa.

"Wuce, Alhaji. Mutane irinku sun yi kaɗan. Allah shi ba ka ladan riƙon amana."

Na ce amin. 

A hanya na tambayi Hajiya abin da sojoji suka yi wa mutanen tsohuwar gwamnati. Ta ce manyan an kwashe su an kulle, waɗanda suka kulle wasu jiya su ne a ciki yau. Na ce ƙananan fa, masu nuna gidaje?

"Suna nan, ina za su? Wanda ya nuna ɗan yayata shi ka sayar da nama a bakin kasuwa. Ran salla wajensa na sayi hanta. Ba shari'a, ba tambaya. An ce kowa shi yi shiru, ƙasa ta huta."

Na ce ai mu ma haka aka yi bayan yaƙin basasarmu, gwamnati ta ce a manta. Na ba ta labarin wani Inyamuri mai sayar da kayan keke a Katsina, wanda ya dawo bayan yaƙi ya ga ƙyauren shagonsa a ƙofar gidan maƙwabcinsa. Kullum suna gaisawa, ba wanda ya taɓa ɗaga zancen. Hajiya ta ce, "To, shi mai gidan, da wace fuska yake buɗe ƙyauren kowace safiya?" Na mai da hankalina ga tuƙi.

A Maraɗi ta kai ni gidan wani mai masaukin fatake ta wuce. An karɓe ni hannu biyu. Bayan magariba aka kawo shayi a ɗan mitsitsin kofin gilashi, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓe shi gaba ɗaya don in huta, na yi godiya na miƙe. Sai na ga kowa ya zuba mini ido. Ashe zagaye uku ake yi, kuma tashi bayan na fari kamar ka ce wa mai gida shayinsa bai yi ba. Na koma na zauna ina ba da haƙuri, suna dariya, suna cewa 'yan Nijeriya ko aljanna suka shiga sai sun yi sauri. Da safe aka ba ni burodinsu, dogo kamar taɓarya, ɓawonsa ya yanke mini dasashi. Kuɗin cizo kuwa irin namu ne sak, ba su san iyaka ba.

Daga Maraɗi kwalta ta ƙare, sai yashi. Farin shekarun nan ya fi yi musu ɓarna a kan mu. Ƙasusuwan shanu a gefen hanya, rumbuna a buɗe ba komai. Sau biyu mota ta kafe, na biyun sai da wasu masu sharar gona suka zo suka tura. Da suka ji wurin wanda za ni, suka ƙi karɓar ko goro. Ɗaya ya shiga gaba ya nuna mini hanya. Da muka doshi gari ya nuna wani gida can gefe, shi kaɗai, danga duk ta zube.

"Gidan ƙanen nan nasa ne. Kada ka tsaya nan."

Na tarar da Isufu zaune a kan buzu a ƙofar gidan yayarsa Hajo. Da a kasuwa na gan shi da na wuce. Mutumin da na sani kakkaura mai dariya ya koma kamar kara, haƙoran gaba babu, idanun sun yi fari-fari. Na yi sallama. Ya karkata kai.

"Sake faɗi."

Na sake.

"Lawal! Lawal na Jibiya!"

Ya miƙe yana lalube, ya rungume ni yana kuka. Ya ɗaga murya yana kiran maƙwabta su zo su ga mutumin da ya ɓoye shi wata bakwai bai taɓa nuna masa gajiya ba. Kafin in ankara, Hajo ta sa an kama akuyarsu, ita kaɗai fari ya bar musu. Na ce don Allah a bari. Isufu ya ce in na sake magana zai yi fushi.

Aka sauke keken ɗinki. Ya shafa shi tun daga kai har ƙafa, ya juya ƙafar ya saurari ƙararsa, ya ce mai kyau ne. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce rabonsa da ganin kafar allura tun shekararsa ta huɗu a kaso. Ko wannan ban tsaya na tambaya ba kafin in sayo.

Muna cin nama da tuwon jar dawar taimako yana ba ni labari, ba tare da ɗaga murya ba. Wani tsohon barikin soja ne can cikin hamada. Su goma sha ɗaya a ɗaki, taga kamar tafin hannu, su huɗu suka fito. Matarsa an ce mata ya mutu, ta yi takaba ta yi wani aure, bai ga laifinta ba. Ranar da aka sake su, wani hafsa ya tara su ya ce kowa ya tafi gida, ban da siyasa, ban da ramuwa. Ba wanda ya tambaye su abin da aka yi musu, ba wanda ya rubuta sunayen waɗanda aka binne a yashi.

"Mu dai nan garin mun yi tamu shari'a," in ji Hajo. "Tun ran da labari ya zo, dattawa sunka kira Sa'idu. Ya dafa Alƙur'ani ya ce bai aika ba. To wa ya san sunan Inna a Jibiya? Ba mai cin abinci da shi, ba mai zuwa mishi gayya. Inna har ta cika ba ta sake kiran sunanshi ba. Ya zo bakin ɗaki tana jinya, ta juya fuska bango."

 Na haɗiye naman da ke bakina, na ƙara wani.

Da la'asar na ja hannun Isufu muka je masallaci. A can na ga Sa'idu, ba sai an nuna mini ba, kamarsu ɗaya. Yana ƙarshen sahu, tsakaninsa da na kusa da shi akwai wurin mutum guda, kuma ba wanda ya matsa. Bayan an sallame ya jira mutane suka ragu, ya zo ya durƙusa a gabana, ya yi mini godiyar riƙon ɗan'uwansa. Sannan ya ce, murya ƙasa ƙasa:

"Alhaji, na taɓa zuwa Jibiya nemanka, anka ce ka yi tafiya. Kai kaɗai ka ga mai jakin nan. Don Allah, yaya kamanninshi? Ko tsagen fuskarshi ka tuna?"

Na tuna zuwan nasa. Ina cikin ɗaka a ranar, ni na ce a ce ba na nan. Na dubi mutumin nan a ƙofar ɗakin Allah na ce, "An daɗe, na manta." Ya ce ba komai, Allah ya saka da alheri. Ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Niyyata da na baro gida ita ce in ba da kaya, in ga Isufu ya samu abin yi, in dawo zuciyata ta yi sauƙi. Ban taɓa sa Sa'idu a lissafi ba. Sunansa kawai na ara na yi aiki da shi, ban tsaya na tuna akwai mutum a bayan sunan ba.

Washegari da hantsi, Hajo ta kawo mana fura ta koma ciki. Na ce, "Isufu, babu mai jaki." Bai gane ba. Na faɗa masa duka, tun daga ɗakin langa-langa har takalmin.  Kaji na ta tono a gabanmu. Can ya ce:

"Jiya ka ci akuyata."

Na ce na ci.

"Miƙo mini sandata. Ba ni za ka gaya wa ba."

Bai yarda na riƙe masa hannu ba. Da sanda ya lalubi hanya har ƙofar maigari, ina biye. Aka aika kiran liman da dattawa, aka kira Sa'idu. Kafin a jima fili ya cika, mata na leƙe ta kan danga. Maigari ya ce baƙo na da magana. Na miƙe da babbar rigata da agogona, na maimaita abin da na faɗa. Wannan karon ya fi wuya, don ina ganin fuskokin waɗanda suka tura mini mota.

Wuri ya rikice. Wani ya ce a ɗaure ni a kai wa jandarma. Maigari ya ɗaga hannu ya ce, a kai ni a ce na yi me? Wanda ya sa ni aikin hukuma ce, ta yanzu kuma ta ce kada a tona. In an kai ni, kafin azahar za a sake ni, wataƙila a riƙe wanda ya kai ni. Liman ya ce shekarun Isufu da idanunsa ba mai iya mayarwa, amma akwai abin da ke mayuwa, shi ne sunan Sa'idu. Ya ce in faɗa a nan, na faɗa. In tsaya a kasuwar da ke kusa da su in faɗa, don can ma an san zancen. In na koma Jibiya in faɗa. Sannan ya juya ga jama'a.

"Ku kuma kada ku ga baƙo ya tsaya ku ce shi kaɗai ne. Mutum ya dafa Littafi a gabanmu munka ƙi shi. Ni na ja salla shekara goma ina ganin giɓin nan a sahu."

Ba wanda ya ɗaga kai. Hajo ta fito daga cikin mata ba ko mayafi, ta zube a gaban ƙaninta ta kama ƙafafunsa. Sa'idu bai yi kuka ba. Ni ya duba.

"Alhaji, garin ga duk sun ji. Inna fa? Wa zai gaya mata?"



Na durƙusa a gaban Isufu na roƙi gafara. Ya ce, "Kwana biyun da ka yi a ɗakin nan, na san su. Na ga waɗanda sunka fi ka ƙarfi sun ba da sunan 'ya'yansu. Wannan na yafe, tsoro ne. Amma shekara goma kana cin abinci kana ƙoshi, yaron ga na nan ana tofa mishi miyau, kuma Jibiya zuwa nan tafiyar yini ɗaya ce. Wannan ba tsoro ba ne, kuma ba nawa ba ne balle in yafe." Ya ce a mayar mini da kayana mota, har shinkafar. Sannan ya miƙa hannu cikin iska ya ce, "Sa'idu, zo ka kai ni gidanka." Sa'idu ya zo ya kama hannun. Jama'a suka buɗe musu hanya.

Ranar ta dace da cin kasuwar, sai maigari ya haɗa ni da dattijo ɗaya muka je. Na tsaya kusa da 'yan awo, mai shela ya tara mini mutane, na faɗa karo na uku. Wata mata ta tofar da miyau. Wani kuma, ina sauka, ya matso ya riƙe hannuna da ƙarfi, ya shige cikin taro. Ban san ko wane ne ba, ban kuma san abin da ke cinsa ba.

Na mayar da dattijon zuwa Tudun Gawo rana ta karkata. Ba wanda ya fito rakiya, ban kuma sa rai ba. Na juya mota na kama hanya. Daidai gidan nan na gefe sai na ga Sa'idu tsaye a bakin hanya da gora a hannu. Na taka birki. Ya zo ta taga ya miƙo mini gorar, cike da ruwa, bakinta toshe da tsumma.

"Ban yafe ba," in ji shi. "Ban san ko zan iya ba. Amma babu rijiya daga nan har Maraɗi."

Ya juya ya shiga gida. Ina jin muryar Isufu daga ciki yana tambayar wane ne. Na so in bar ruwan nan yadda yake, don ban ga na cancanci shansa ba. Amma kafin in kai rabin hanya ƙishirwa ta ci ƙarfina, na tsaya a gindin wani gawo na shanye shi tas.